Bakan da Na Miƙa wa Yayata

A gidanmu na Garou, mace da taɓaryarta ake auna ta. Uwarmu takan ɗaga taɓaryar amarya ta jijjiga, in ta ji ba nauyi sai ta ce an kawo mana mai cin abinci. Da wannan munka tashi, ni da yayata, kuma ita ta gaji babbar taɓaryar gidan, ta ƙirya, wadda ni sai da hannu biyu da nishi nake ɗagawa.

Bayan mijinta ya rasu ta dawo Malanville da ɗiya huɗu, tana turara shinkafa tana casawa da hannu. Akwai inji a gari, amma fataken Kamba nata suke nema, don ƙwayar ba ta karyewa. Hannunta na dama shi ke ciyar da gidan nan, ba wani abu bayansa.

Ni kuwa ina da shekara arba'in na shiga ajin manya na koyon karatu a lakkwal, wato makaranta. Ba ranar da ta bar ni na wuce lafiya. In na ɗauko littafi ta ƙofar kasuwa sai ta ɗaga murya, mata na ji: "Ga ɗiyar lakkwal nan! Mushe malaminku ya ba ki alewa yau?" Ranar da na fara rubuta sunana na kai mata ta gani. Ta karɓi takardar ta ƙunsa wa wata mata daddawa a ciki. Na dai ajiye abin a raina.

Shekarata ta biyu a aji, wani mutum ya zo daga Parakou yana koyar da harbin baka na wasa, irin wanda ake auna takarda mai zobba masu launi. Anka kai mu filin ƙwallo bayan la'asar. Ya jera bakuna bisa tabarma, kowane da lamba a jikinsa. Ya ce lambar ita ce ƙarfin jan tsirkiya, kuma mai koyo da ƙarama yake farawa ko da ɗan dambe ne, don jijiyar da ke jan baka ba ita ke ɗaukar buhu ba. Ka ja har tsirkiya ta taɓa haɓarka, ka riƙe, ka ƙidaya goma. In gwiwar hannu ta yi rawa, ko ka ga kana ɗaga bakan sama kana gantsarewa, ya fi ƙarfinka, ajiye shi. Ya nuna wani baƙin baka a gefe ya ce nashi ne, kada kowa ya taɓa, yana iya yaga kafaɗa.

Ni mai lamba sha shida anka ba ni. Na ja, na riƙe, kibiyata ta uku ta shiga takarda.

Sai ga Yaya da kwano a ka, ta biyo kallo. Ba ta ji bayanin ba. Mutumin kuma ya tafi can ƙarshen fili yana gyara wa maza abin auna.

Ta ɗauki bakana ta ja da yatsa biyu ta yi dariya. "Wanga ne kike ta nishi a kai? Ko a nan ma taɓaryar yara anka ba ki?"

Matan ajinmu sunka ƙyalƙyale. Na duba tabarma. Na karanta lambar da ke jikin baƙin bakan, arba'in da biyu, na sake karantawa don kada in yi kure. Sannan na ɗauko shi na miƙa mata da hannu biyu, kamar mai ba da goro.

"To Yaya, ga na manyan mata."

"Mi anka rubuta nan?"

"Lamba ce kawai. Ke mi ya haɗa ki da rubutu?"

Ta ja, tsirkiya ta zo rabi ta tsaya. Ta ɗaga bakan sama ta gantsare, gwiwar hannunta na rawa, duk alamun da mutumin ya lissafa ina ganinsu ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Bari, Yaya, kin tsufa." Na san abin da maganar za ta yi. Ta ciji leɓe ta fizga har haɓa. Mata sunka yi guɗa. Ta sake, ta kuma ja. A na huɗu ne ta yi wani ƙaramin sauti a maƙogwaro, bakan ya faɗi, hannun ya sauka ya yi lilo a gefenta.

Mutumin ya taho a guje yana faɗa da faransanci, yana tambayar wa ya ba ta. Yaya ta riga ni. "Ni na ɗauka. Akwai mai ba ni abu a garin nan?" Na sunkuya na ɗauko mata kwanonta.

Mai ɗori a Madécali ya ce ba karaya, ya shafa mai ya ɗaure. A likita anka ce jijiya ta yage, ta huta wata uku. Da wa za ta bar turmin? Kwana tara ta koma daka, kafaɗar ta ƙarasa lalacewa. Yanzu hannun ba ya wuce ƙirjinta. Ta koma kai shinkafa inji kamar kowa, fataken Kamba sunka zo sau biyu, sunka murza ƙwayar a tafi, ba su sake zuwa ba. Babbar ɗiyarta ta bar lakkwal tana talla a bakin gadar kogi.

Na yi ta jiran ranar da za ta zage ni. Ba ta san akwai abin zagi ba. Har yau tana ba mata labari cewa ita kaɗai ta ja bakan malamin har haɓa, sau uku, ƙanwarta kuwa na yara anka ba ta. Ran Juma'a ni ke zuwa ɗaura mata kallabi, tunda hannu ɗaya ba ya ɗauri. Tana zaune ina tsaye a kanta, takan ce, "Ja da ƙarfi mana, ɗiyar lakkwal, hannunki kamar na jinjiri."

Taɓaryar ƙiryar tana ɗakina. Ita ta aiko mini, ta ce in gwada ko zan zama mace. Wata rana ta tarar da ni ina rubuta wannan, ta leƙo ta kafaɗata, ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ce in na gama in ba ta, daddawarta ba abin ƙunshi.