Zanen da Na Ce Ya Ƙare

A majami'armu ta Sabon Gari ni ce mai ajiye zanen zumuntar mata. Atamfa ce shuɗiya iri ɗaya da kowace 'yar zumunta take ɗaurawa, kuma a akwatina take kwana. Shekara tara ina wannan aikin, ban da shara, ban da wanke kofunan Jibin Ubangiji. Kowa ya san haka, don ba na barin a manta.

Akwai ƙawata da muka zo Kano a mota ɗaya daga ƙauyenmu. Tare muke waƙa, ita ce ma mai buga mana tulu. Da kuɗin mai ya fara yawo a gari, kowa ya zama ɗan kwangila, sai wani mai Fijo ya buɗe mata gidan giya a wajen Bata. Shi ke nan ta daina zuwa sujada. Ranar Lahadi ina tafe a ƙasa da goyo, sai ta wuce ni a gaban mota da tabarau, ta ɗago mini hannu. Hannu fa! Shekara shida ina haɗiyar wannan takaicin.

Wata Lahadi sai ga ta ta dawo, a rame, ba mota ba tabarau. Mutumin ya kama gabansa. Dattawan ikkilisiya suka sa ta horo na wata shida: ta zauna a bencin baya kusa da ƙofa, ba cin Jibi, ba waƙa da mu. Na ce a raina ko wata biyu ba za ta yi ba. Ta yi shidan nan cif, ko ruwa ake tana wurin. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Al'adarmu, ranar da mace ta gama horo a kan kira ta gaba, mata su kewaye ta da waƙa, a ɗaura mata sabon zanen zumunta, sannan a raka ta layinmu ta zauna. In ba a ɗaura ba, ba ta dawo ba ke nan. Saura kwana uku, Mama, matar fastonmu, ta aiko in ba da turmi ɗaya. Na ce ya ƙare. Huɗu ne a akwatina, har da kafur a kansu.

Ni na ɗauka ɗaga ranar za a yi, ta ƙara ɗanɗana bencin. Ashe ba wanda ya gaya wa fasto. Ranar Lahadi ya kira ta, ta fito ta tsaya a gaban jama'a. Mata suka tashi da waƙa, ido ya dawo kaina, ni kuwa na kafa nawa a littafin waƙoƙi. Aka maimaita waƙar, aka sake maimaitawa, har ta mutu a bakinsu. Ta ɗan ƙara tsayuwa, sannan ta juya ta koma bencin baya da ƙafarta. Lahadi biyu bayan nan ba ta zo ba.

Mama ta tafi Kantin Kwari neman wani turmin wajen Alhajar da muke sayen atamfar a hannunta, wata Bayarabiya mazauniyar Fagge. Alhaja ta ce ikon Allah, ba watan jiya ita da kanta ta kawo mini huɗu ba? Daga can Mama ta zarce gidana.

Ban ma yi musu ba, faɗa na kama. Na ce ni da na zauna, na share, na wanke, wa ya taɓa yi mini waƙa? Wato sai mutum ya je ya sayar da giya ya dawo sannan yake da daraja? Mama ta bar ni na zazzage cikina tas.

"Kina son a kira ki gaba a yi miki waƙa?" in ji ta. "Abu mai sauƙi. In gaya wa dattawa ƙaryar da kika yi. Bencin yana nan, ba kowa a kai. In kin cika wata shida, ni da kaina zan ɗaura miki."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ba ta gaya wa kowa ba, kuma da ta gaya da ya fi mini sauƙi.

Washegari na ɗauki turmin na nufi Kwaciri, inda ƙawata take haya. Na tarar tana ƙulle kayanta, gobe za ta tasha, ƙauye za ta koma. Na ajiye zanen a gabanta, duk maganar da na tsara a hanya ta gudu.

"Na san bai ƙare ba," ta ce. "Ke da ko gishiri ba kya bari ya ƙare miki."

Da ƙyar na ce ta yafe mini. Sai ta daina ƙullin.

Ranar Lahadi sai ga ta a majami'a. Ni na ɗaura mata zanen, har ta raɗa mini in ja da kyau kada ya kwance a gaban mutane. Na ja.

Da aka tashi, kowa ya watse, na je shara kamar kullum. Da na kai bencin baya sai na ajiye tsintsiyar na zauna, karo na farko a rayuwata. Na duba gaba, na hango wurin zamana daidai saitinsa. Daga nan ba a ganin fuskar kowa. Ashe wata shida ƙawata ƙeyata take kallo.