Goron Mahaifiyata

Shekarun baya, tun Turawa na mulki, muna zaune a unguwar Adjamé, a ƙasar da Faransa ke mulka, mahaifiyata tana sayar da goro. Wata rana masu gadin kumandan, Baturen mulkin yankinmu, suka tare ƙanina a hanyar kasuwa, aka tafi da shi daji aikin dole, saran katako. Damina ta wuce ba labarinsa. Kullum sai ta zuba masa tuwonsa ta rufe, in gari ya waye mu ɗumama.

Ana nan sai aka ce wani likita, lokotoro a bakinmu, da ya zama jagoran manoma, wanda ke yaƙi da aikin dole, zai yi taro a unguwar Treichville, tsallaken ruwa. Mahaifiyata ta zaɓi farin goro mai kyau, ta naɗe a ganye, ta ce in raka ta in yi mata tafinta. Lokacin ina dako a bakin ruwa, na tsinci 'yan kalmomin Faransanci, ina tafiya kamar ni na haifi yaren.

Na ce, "Inna, mutumin da zai je Faransa ya yi magana, me zai yi da goronki?"

Ta ce, "Kai dai ɗauko takalminka."

Muka haye gada, muka tarar da jama'a ba masaka tsinke. Tsohuwar nan ta dinga kutsawa da gwiwar hannu har gabansa. Da ya dube ni, wallahi Faransancin ya gudu. "Bonjur" kawai na iya, shi ma sau biyu na faɗa.

Ita ko a jikinta. Ta miƙa goro da hannu biyu, ta ce da Hausa, "Lokotoro, sun ɗauke mini yaro. Ka dawo mini da shi." Ban san abin da ya fahimta ba. Ya dai karɓa, ya ɓare ɗaya, ya sa a baki.

A hanya na ce ai ko sunan yaron bai ji ba. Ta ce, "Ya ci goro a gaban mutane. Ya ɗauki magana ke nan."

Da aka soke aikin dole, ƙanina ya dawo da ƙafarsa, ya rame ƙwarai. Bayan ta gama kuka ta juyo gare ni. "To, mai Faransanci, ka gani?"

Daga baya mutumin ya zama shugaban ƙasa, aka rubuta tarihinsa, na kuma san dubban mutane ne suka sha wuya kafin dokar ta fito. Amma ban taɓa gyara mata ba, har ta koma ga Allah. Ina kewarta. Har yau in na ga hotonsa a bango, bakinsa nake fara duba.