Kurudu Ce Ta Farko, Ni Kuma Na Nufi Kuje

A lokacin ina sabon zuwa Abuja, direba ne ni a wani ƙaramin shago da ke kai wa masu jinya a gida tukunyar iskar numfashi. Ina ji da kaina wajen riƙe saƙo. A garinmu in aka aike ni kasuwa, aka ce gishiri, manja, albasa, kifi, haka zan jero su ko an tashe ni daga barci. Har cika baki nake yi wa abokan aiki cewa ni ba na bukatar biro.

Wata safiya madam mai shagon ta leƙo da waya a kunne, ta ce in kai tukwane Kurudu, Karu, Kubwa, Kuje, kuma in bi su yadda ta faɗa, don na farkon iskarsa ta kusa ƙarewa. Kowace tukunya da adireshinta a jiki, jerin ne kawai ke kaina. Na tafi ina maimaitawa a zuci. Wani mai tasi ya yanko gabana, muka yi cacar baki, ko da na dawo kan sunayen duk suna nan, amma sun cakuɗe. Dukkansu da harafin K suka fara, kuma ban san garuruwan ba balle hoton ɗayansu ya tsaya mini a rai. Kunya ta hana ni kiran madam. Na zaɓi Kuje.

Ina sauke tukunya a can madam ta kira, tana tambaya ko na isa Kurudu. Nan na gane Kurudu ce ta farko. Na ratsa gari, na maƙale a cunkoson Nyanya, ina ta danna ham ina salati, gumi ya jiƙa mini riga. Da na isa na tarar an riga an ɗauki dattijon da ke jiran iskar a motar maƙwabci zuwa asibiti. Matarsa na tsaye a ƙofa da takalminsa a hannu. Ba ta zage ni ba, ta dai dube ni ta ce, "Ɗana, tun safe yake tambaya ko ka iso."

Ya rayu, amma ya daɗe a kwance, kuma har yau abin na ci mini rai. Na gane cewa sunaye masu kama da juna, waɗanda ba ka saba da su ba, za su zauna a kai amma su sauya wuri ba ka sani ba. Don Allah duk wanda aka ba saƙo a jere ya rubuta, ko ya sake tambaya. Kiran da na ji kunyar yi ba zai kai minti ɗaya ba.