Rijiyar da Ta Iya Tambaya

A ƙauyenmu da ke bayan Sheme, Iya, mahaifiyar babanmu, ba ta yin tatsuniya sai an sauke tukunyar tuwo. Sai ta jawo garwashi gefe, ta binne mana gyaɗa a toka, mu kewaye ta, ni da yayana Sale da yaran maƙwabta. Ba ta farawa yadda sauran tsofaffi ke farawa. Cewa take, "Ku gyara kunnuwa, baƙuwa ta iso." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma."

Tatsuniyar Iya da mu ake yin ta. Muna katse ta, muna gardama. Wani ya ce shi bai yarda kura ta mutu haka ba, sai ta ce to, ba mutuwa ta yi ba, suma ce. Amma akwai guda ɗaya da in ta ɗauko ta, ko tari ba mai yi.

Labarin wata yarinya ce, Ladi, wadda ba mai sauraronta a gidansu. Sai ta riƙa zuwa wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe a bayan gari, ta leƙa ciki, ta zazzage abin da ke ranta. Ran nan tana gama magana sai ta ji daga can ƙasa an ce, "Sai kuma mi?" Murya mai taushi, kamar ta gwaggo. Daɗi ya kama Ladi, yau ga mai son zancenta. Kullum sai ta je. Rijiya ta tambaye ta ko karensu na haushi, ta ce ai ya tsufa. Ta tambaye ta inda ake ɗaure awaki, ta faɗa. Gari ya waye, turke ba akuya. Ladi ta kai kukanta bakin rijiyar, rijiyar ta taya ta jimami, sannan ta ce, "Ƙanenki ɗan autan nan, ta wane gefe yake kwana?"

 Nan Iya kan juyo a hankali, jan garwashi a rabin fuskarta, ta siranta murya: "Kai Sale, wa ke kwana bakin ƙofa a ɗakinku?" Wata rana har ya buɗe baki ya ce, "Ni da..." Na toshe masa baki da hannuna mai toka, ina kuka. Iya ba ta yi dariya ba. Na ce, "Iya, mene ne a cikin rijiyar?" Ta ce, "Ɗiyata, ni ma ban leƙa ba." Kwana da kwanaki ban yarda na ja ruwa ni kaɗai ba.

Da na girma na shiga kwalejin malamai, aka koya mana rubuta maƙala: gabatarwa, hujja, kammalawa. Sai ka yi makonni kana gyara, ka miƙa wa malamin da ka san fuskarsa, ya karanta, a rufe. Ba mai katse ka, ba mai ce maka sai kuma me.

Ina koyarwa a Ƙanƙara na buɗe shafin bulog a wayata. Shi kuma wata duniya ce daban. Abin da na ji da safe, kafin azahar na wallafa shi da harshen da nake hira. In na yi kuskure, wani ya gyara mini a ƙasa, na koma na sauya. Mutane na amsawa. Sai na ji kamar na koma gefen murhun Iya.

Lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, na yi rubutu a kan Yaya Sale. Na ce kowa ya sayar da shanun nomansa, shi ya ƙi, yana ɓoye nasa a fadama ƙarƙashin wata ɗinya. Alfahari nake da shi. Wata mata da ta gudo daga Sabuwa ta rubuta cewa na sa ta hawaye. Wani ya yi mana addu'a. Sai ga wani suna da ban sani ba, ba hoto: "Allah sarki, Malama. Fadamar gabas ce ko ta yamma?"

Ina tsaye a ƙofar aji, rana tsaka, na ga tambayar. Na goge rubutun, na kira Yaya.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Kin goge daga wayarki, kin goge daga idonsa?" Na fashe da kuka. Ya ce, "Bar kuka. Ƙila ma bawan Allah ne ɗan garinmu." Amma kafin la'asar ya kora shanun zuwa wajen surukansa a Faskari, kuma daminar nan da fartanya ya yi noma.

Na daɗe ina zaton Iya hana mu magana take. Yanzu na gane ba haka ba ne, ita da ta fi kowa son a tanka mata. Amma duk wanda ya tanka mata, tana ganin fuskarsa. Maƙala ba ta amsawa, shi ya sa ba ta da ɗumi, ba ta kuma da tsoro. Bulog yana da duka biyun, kuma ban iya barinsa ba, don a ƙasan rubutuna 'yan gudun hijira ke samun labarin juna. Sai dai na daina faɗin sunan gari, na daina kwatance.

Bayan girbi na wallafa wani abu a kan tsadar taki. Cikin masu sharhi sai ga sunan nan ya dawo. Bai ce komai a kan taki ba.

"Malama, har yanzu ba ki amsa mini ba."