Man da Ya Kai Inna Yelwa

Ranar Asabar ce, a tsakiyar yankan shinkafa, shekarar da na shiga aji biyar na firamare. Hantsi ya ɗaga, ina tsugune a bayan ɗaki ina juya kifin da ke kan ragar banda, hayaƙi na cika mini ido, sai na jiyo salati yana tahowa daga hanyar fadama. Kafin in miƙe mata biyu sun shigo gida riƙe da Inna, ƙafarta ta hagu ɗaure da ɗankwali a ƙasan gwiwa. Ta je ɗaga damin da aka yanka jiya ne, ashe kububuwa na kwance a ƙarƙashinsa, ta sare ta a idon sawu. Inna ba ta yi kuka ba, har ma cewa take in sauke kifin kada ya ƙone. Amma da ta juya ta tofar da yawu a gindin turmi, sai na ga jini ne.

Ƙauyenmu yana bakin tafki a ƙasar Ngaski, kuma ko yaron goye a wurin ya san abin da jini a baki yake nufi bayan saran kububuwa. Mai maganin gargajiya ya zo ya shafa abin da zai shafa. Ma'aikacin ɗakin shan magani ya zo da gudu, ya duba dasashinta, ya kwance ɗankwalin da aka ɗaure, ya ja Baba gefe ya ce allurar wannan ba ta wurinsa, sai babban asibiti a Yelwa, kuma yau, ba gobe ba.

Mota ɗaya ce a duk ƙauyen, tsohuwar akori-kurar Baba, wadda ke kai buhunan shinkafa da kwandunan bandar kifi kasuwar Yelwa. Babu wanda bai san tuƙin Baba ba. Ba ya gudu, ba ya fizgar mota, ba ya barin ta tana kuka a tsaye ko da gaisuwa ya tsaya yi. Allurar mai ta daɗe da mutuwa, don haka da wata sandar gora mai tsage-tsage yake auna tanki kowace safiya. Aikinmu ni da ƙannena, bayan shara da ɗebo ruwa daga tafki, shi ne taka famfon iska har cinyoyinmu su yi tsami, shi kuwa yana zagayawa yana ƙwanƙwasa tayoyi yana cewa, "Taya in ta yi laushi, mai take sha." Mutanen gari sun sa wa motar suna Hawainiya. A makaranta, in maza suka ƙera motocin kara suna tsere a bayan aji, duk wadda ta zo ƙarshe sai a ce ta baban Kulu ce. Mu mata muna can muna 'yar gala-gala, amma kunnena na wurinsu. Na sha barin wasa in je in tattake motar wani, in sha bulala a wurin malam, in dawo gida ina jin haushin Baba, ba na malam ba. Tun ina ƙarama ba ni da haƙuri, kuma bakina ya girme ni.

A wannan kakar aka yi wahalar mai irin mai zuwa ba sallama. Sati biyu Baba bai fita ba. 'Yan bumburutun bakin titi sun kife galan-galan ɗinsu, masunta sun cire injin jirage sun koma tuƙi da hannu. Da Baba ya zura sandarsa a tanki ya zaro, abin da ya jiƙe bai kai gaɓar yatsa ba. Nan gari ya watse neman mai. Baba Yohanna, maƙwabcinmu masunci, ya kawo ragowar na injin jirginsa, wanda an riga an gauraya da baƙin mai. Wani manomi ya karkata injin ban-ruwansa ya tsiyayo kwalba biyu. Hedimasta ya kwantar da babur ɗinsa a ƙasa ya samo kwalba ɗaya. Aka tace duka da tsumma aka ɗura. Baba ya sake zura sanda, ya daɗe yana kallonta, leɓensa na motsi, ina jin yana bin hanyar ne a ransa hawa da gangara. Sannan ya ce, "Shina kai mu in Allah ya yarda. Amma ba da gudu ba, kuma ba da nauyi ba."

Babu wanda ya kula da ƙarshen maganar, don a lokacin bayan mota ya riga ya cika. A wurinmu ba a kai marar lafiya asibiti shi kaɗai. An shimfiɗa wa Inna katifa, Kaka mahaifiyarta ta hau ta zauna a wajen kanta, ƙannen Inna biyu sun hau, matan maƙwabta uku sun hau, ga tabarmi, ga tukunya, ga ƙullin gari da damin itace na jinya. Baba ya fara rage wa motar nauyi. Ya sauke safayar taya, ya sauke jak, ya kwance ƙarafan rumfa, ya fitar da akwatin kayan gyaran da ko masallaci zai je da mota ba ya barinsa. Daga nan ya zagayo inda Kaka take. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya haɗa ido da surukarsa ba. Daga bakin zaure yake durƙusawa ya gaishe ta. Ranar ma durƙusawa ya yi, kansa a ƙasa, ya ce, "Iya, ku yi haƙuri ku sabka, ku duka. Man ga ba ya ɗaukar mu."

Kaka ta ce, "Ni za ka sabkewa? Ni da na haihe ta?"

"Kulu ta riƙe ta. Ita ta hi kowa rashin nauyi."

Kaka ta sauko da kanta, ta ture hannun da aka miƙa mata. Ta tsaya a kansa ta ce, "In ɗiyata ta cika bisa hanya ba ni kusa, ba ni yahe maka." Baba bai ɗago ba har ta gama. Aka sauke tukunya da itace, aka ɗaga ni aka ɗora, aka sa kan Inna a cinyata. Ko tayar da motar Baba bai yi ba. Samari ne suka tura ta daga ƙofar gida har saman tudun makaranta, sai da ta kama gangara sannan ya saka giya ta tashi, tana fitar da shuɗin hayaƙi saboda man jirgin.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba, kuma har yau ban ƙara ba. Gilashin da ke tsakanin gidan gaba da baya ya daɗe da fashewa, don haka ina ganin ƙeyar Baba, kuma yana jin duk abin da ke faruwa a bayansa. A hanyar burji na yi masa uzuri, na ce ramuka ne. Inna tana ta magana a lokacin, tana ce mini in tuna in kwashe shanyar kuɓewa, in ce wa ƙanwata ta daina wasa a bakin ruwa. Ƙafar kuwa tana ta hawa, ta wuce gwiwa, ta yi sheƙi. Ina share mata baki da gefen zanena, kafin in juya wani jinin ya taru. Duk zuciyata na kan kwalta. Na ce da mun hau titi Baba zai taka ta, yau dai Hawainiya za ta ba mutane mamaki.

Muka hau kwalta, Baba ya saka giyar ƙarshe, ya tsayar da ƙafarsa wuri ɗaya. Tafiyar da yake yi ranar kasuwa da buhu goma sha biyu, ita yake yi. Titi fayau, babu motar da za a tsayar a roƙa, sai wata babbar mota ɗaya da ta wuce mu ta nufi inda muka fito. In muka zo gangara sai ya kashe inji, motar ta riƙa silalewa shiru, kuma wannan shirun ya fi komai tsorata ni, don a cikinsa nake jin numfashin Inna yana sarƙewa. In hawa ya gabato, tun daga nesa yake ɗan tara gudu, ya bar ta ta hau da abin da ta tara, har wani mai keke ya jera da mu a wani hawa yana leƙen abin da ke cikin motar. Can gaba garken shanu ya tare hanya. Tun suna ƙanana a ido Baba ya ɗage ƙafa, ya fito da hannu yana yi wa makiyayin alama, muka iso daidai lokacin da ɗan maraƙin ƙarshe ya tsallake, bai taɓa birki ba. Inna ta ce ruwa. Na ce Baba ya tsaya a rijiyar da ke gaba, ya ce, "In na tsaya, tashin shi ka cin mai." Muka wuce rijiyar ina kallonta.

Bayan nan ne Inna ta daina magana. Na kira ta, ta buɗe ido ba ta gane ni ba, jini ya fara fitowa ta hanci. Zanena ya jiƙe ya manne mini a cinya. Na rarrafa na kama bakin tagar nan na riƙa dukan ƙarfe da hannu ina ihu. "Baba, taka mota mana! Don Allah taka! Inna za ta mutu!" Bai juyo ba. Sai duk haushin da na tara tun daga filin makaranta ya taso mini, na faɗi abin da ya fi ƙarfin bakina. Na ce, "Mai kake tausai, ba Inna ba. Ba ka son ta! Kai za ka kashe ta, ba maciji ba!"

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, gumi na bin ƙeyarsa yana shiga riga. Na jira mari ko tsawa, ko ma motar ta zabura. Abin da kawai ya ce shi ne, "Riƙe mata kai da kyau, Kulu." Ƙarar injin ba ta canza ba ko kaɗan. Na koma na rungume kan Inna ina kuka, kuma a wannan sa'ar na tsani mahaifina tsana ta gaske.

Mun fara hango rufin kwanon Yelwa motar ta yi tari. Baba ya riƙa karkaɗa sitiyari hagu da dama don ɗan abin da ya kwanta a gindin tanki ya gangaro. Ta ɗauka, ta ƙara tafiya, ta wuce wani gidan mai da ke rufe da dogon layin motoci ba kowa a cikinsu, ta sake tari, ta mutu. Ya bar ta ta silale har inda ƙarfinta ya ƙare, a gaban wata bishiya da 'yan kabu-kabu ke zaune sun jingine babura don rashin mai. Wani ya leƙo ya ga zanena, bai tambayi komai ba ya ƙwala wa sauran kira. Su suka tura mu da gudu har ƙofar asibiti, ana kiran azahar. Ma'aikata suka ɗauke Inna suka shige da ita. Baba ya buɗe ƙofa ya sako ƙafa zai bi su, sai ya zube a kan gwiwa. Ƙafarsa ta dama ta sandare, tana rawa ita kaɗai, ya kama ta da hannu biyu ya kasa tsayar da ita. Wani ɗan kabu-kabu ya tsuguna yana murza masa sharaɓar ƙafar. Ni a lokacin na ɗauka gajiya ce.

Kwanan Inna tara a asibiti, ta tashi. Kaka ta iso a rana ta uku cikin jirgin 'yan kasuwa, ta wuce Baba a baranda kamar ba ta gan shi ba, kuma ta fi shekara ba ta amsa gaisuwarsa. Kullum sai ya je bakin zaurenta ya durƙusa ya gaishe ta, ya tashi ya tafi. Bai taɓa yi wa kowa bayani ba, bai kuma taɓa tayar mini da maganar da na faɗa masa ba. Ni ma ban tayar ba. Na bar ta a kan sai na girma, da na girma na bar ta a kan ai ya manta, har aka kira ni wata safiya aka ce Baba ya rasu.

Yanzu ina da motar kaina, ina zuwa aiki da ita. Tana da maɓalli na tsimin mai, tana da na gudu, tana nuna mini da lambobi nisan da man da ya rage zai kai ni, kuma makanike ya gargaɗe ni kada in kuskura in kashe irinta a gangara, birki zai ƙi. Abin da Baba ya yi shekaru yana koya wa ƙafarsa, yau da ɗan yatsa ake latsa shi. Bara zazzaɓi ya sa 'yata ta sandare a hannuna da rana tsaka. Na jefa ta a kujerar baya na danna maɓallin gudu, ban san ramuka ba, ban san mutane ba, ina jin numfashinta a bayana ina ƙara takawa. Sai da likita ya ce ta farfaɗo na dawo mota na zauna, na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ba na 'yata ba. Tankina cike yake, asibitin kuma kusa, amma ban iya ɗage ƙafata ko sau ɗaya ba. Shi tun daga bakin tafki har Yelwa yake riƙe da tasa, ni kuma ina zaginsa ta taga.