Baƙin Kaka a cikin kwalba

A gidanmu na Gure, in sanyi ya shigo, da an idar da lisha sai Kaka ta jawo kujerarta 'yar tsugunno zuwa bakin murhu, ta tura busasshen kaba da ƙodagon goruba cikin wuta, mu kuma mu kewaye ta da mayafanmu. Mahaifiyar babanmu ce. In na yi mata abin kirki ni ne "angona", in na ɓata mata rai kuwa "mijin banza". Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga wata nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi ba ni maimaita masa." Mu ce, "Ta iso lafiya." Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini, amma akwai guda da ba ta ɓace ba, don ita ce ta jefa ni cikin ruɗun da har yau ban gama fita ba.

Ina aji uku a lakwal, ba a daɗe da fita babban farin nan da ya cinye dabbobin mutane ba, aka turo mana wani malami daga wajen Tawa. Mushe Idi muke ce masa, don a lakwal kowane malami mushe ne, wato malam da faransanci. Wata rana ya zo da dunƙulen busasshiyar laka da wani madugun ayarin gishiri ya kawo masa daga arewa. Ya marmasa ta cikin wata kwalba mai faɗin baki, irin ta alewar kanti, ya zuba ruwa, ya sa gishirin manda, ya ƙara ɗan kanwa, ya ajiye a taga. Bayan 'yan kwanaki sai ga wasu abubuwa suna wutsil-wutsil a ciki. Da suka yi girma ma ba su wuce ƙwayar shinkafa ba. Jajaye-jajaye ne, ƙafafunsu kamar gashin ido, kuma a rigingine suke iyo.

Na ce, "Mushe, ina uwarsu?"

Ya ce ƙwansu ne a cikin lakar, ya yi shekaru yana barci, ruwan gishiri ne ya tashe shi. Muka dubi juna. Ƙwan da ba a gani, da ba kazar da ta kwanta a kai? Ya faɗi sunansu da faransanci, harshenmu ya ƙi ɗauka, muka sa musu 'ya'yan laka.

Da hutu ya zo, Mushe zai tafi Damagaram sati biyu, sai ya kira ni don gidanmu ne kusa da lakwal. Ya ce, "Habu, amana ce na ba ka. Duk ayarin bana wannan lakar kaɗai na samu. Abincinsu garin gero ne, abin da bakin tsinken tsintsiya ya ɗauko, sau ɗaya cikin kwana uku. Ka riƙa motsa ruwan da kara. Kada ka sake musu ruwa, ka ji ko?" Na ce na ji. Na rungumo kwalbar zuwa gida ina tafiya a hankali, kaina ya kumbura.

Tabɗi! A gida ba wanda ya san abin da zai kira su. Baba ya leƙa ya ce tsutsa ce, ashe abin da ake koya mana ke nan. Inna ta ce in na kuskura na kai su kusa da randa sai na yaba wa aya zaƙinta. Malam Sani maƙwabcinmu ya daɗe yana juya kwalbar a hasken rana, ya ce kifi dai ba kifi ba ne, fara ba fara ba, Allah ne masani. Sai Kaka ta matso. Yatsa ta tsoma ta kai bakinta, sai ta tofar.

"Subhanallahi! Zartsi ne! Kai mijin banza, baƙi a gidana suna kwana cikin ruwan zartsi?"

Wanda bai zauna wajenmu ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Rijiyoyin kwari da yawa zartsi ne, ruwan da ke da ɗanɗanon gishiri da kanwa, na wanki da shayar da dabba. Ruwan daɗi daga nesa ake ɗauko shi a kan jaki. Gidan da aka taɓa miƙa wa baƙo zartsi, har jikokinsu sai an yi musu gori. Na ce mata Mushe ne ya haɗa da hannunsa. Ta ce, "Mushe gwauro ne, me ya sani game da saukar baƙo?"

A daren nan ta sa na ajiye kwalbar kusa da ita, hasken wuta na dukanta, 'ya'yan laka duk sun taru gefen hasken. Ta ce ga wata nan tafe, muka ce ta iso lafiya.

Wai a wani zamani an yi mata biyu maƙwabta a bakin wani kwari. Ɗaya randunanta cike da ruwan daɗi, ɗaya kuwa abin da ya rage mata a tulu bai fi ludayi guda ba. Da rana tsaka sai ga wani tsoho baƙo, leɓunansa duk sun tsage. Ya yi sallama gidan mai randuna. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗebo masa zartsin da take ba awaki. Ya kurɓa, ya yi godiya, ya zuba sauran a ƙofar gidanta. Ya shiga gidan ɗayar, ita kuwa ta karkata tulu ta tsiyaye masa ludayin nan kaf, ta kawo masa 'yar hurar da ta ajiye wa kanta. Ya sha, ya zuba ɗigon ƙarshe a ƙofarta, ya yi gaba. Da gari ya waye, ƙofar mai ludayi ta zama rijiyar ruwan daɗi, ƙofar mai randuna ta yi fari fat da kanwa, ko ciyawa ba ta ƙara tsirowa ba. "Shi ya sa," in ji Kaka, "kuke ganin rijiya biyu kusa da juna, ɗaya a sha, ɗaya a tofar. Nan ta tsaya, ni ma na tsaya." Tana faɗa tana kallona, ba ta kalli kowa ba sai ni.

Na kwanta kaina na juyawa. Mushe ya yi karatu, ya ce gishiri. Kaka ta girmi uban Mushe, ta ce ruwan daɗi. In na bi Mushe na zama matar nan mai randuna. In na bi Kaka na ci amana. To wai ma su baƙi ne ko tsutsa? In tsutsa ce, me ya sa ake ba ni amanarta? In baƙi ne, wane irin baƙo ne zai ƙoshi da abin da ke bakin tsinke? Wallahi tsoro ne ya kama ni, na riƙa ganin ƙofar gidanmu ta yi fari da kanwa saboda ni.

Da safe sanyi ya yi tsanani, na tarar da su can ƙasan kwalba suna motsi da ƙyar. Yanzu na san sanyi ne kawai, da na kai su hantsi da sun warware. A lokacin kuwa kuka na fashe da shi. Kaka ta ce, "Ka gani? Ƙishirwa ce da yunwa. Kawo su nan, angona." Ban hana ta ba, gaskiya ma ni na riƙe mata kallabin da muka tace su da shi. Ta zubar da zartsin, ta cika kwalbar daga ƙaramin tulunta, wanda ko Baba ba ya sha daga ciki. Ta dama hura da nono, ta zuba musu rabin ludayi tana cewa, "Ku sha, ku sha, gidanku ne." Da farko suka yi ta zagaye da gudu, Kaka ta ce murna ce. Kafin azahar ruwan ya yi fari ya soma tsami. Kafin la'asar ba guda da ke motsi.

Kaka ta daɗe zaune da kwalbar a cinyarta. Can ta ce, "Ni da na ba su na tuluna?" Ba da ni take ba, ban kuma taɓa jin muryarta ta yi ƙanƙanta haka ba. Kwana uku muna taruwa bakin murhu ba tatsuniya, tana cewa kanta na ciwo.

Ranar da Mushe ya dawo, Kaka ta yafa mayafinta ta ce tare za mu. Ita da ba ta taɓa taka harabar lakwal ba! Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, ni na kashe maka baƙi, ba yaron ba." Ta faɗa masa komai. Mushe ya ce, "Ba komai, Iya. Ai sun bar ƙwai a lakar da ke ƙasan kwalba. In an shanya ta aka sa ruwan gishiri, wasu za su fito. Ina lakar?"

Kaka ta kwance ƙullin da ta zo da shi. Ga kwalba tana ƙyalli, ta sa toka ta goge ta tas, don ba a mayar wa mutum kwanonsa da dauɗa. Kuma ta cika ta da dabino har baki, don ba a mayar da shi wayam. Mushe ya dubi dabinon, ya dube ta. Daga ƙarshe ya karɓa da hannu biyu ya ce Allah ya saka da alheri. Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige. Bai ƙara samun lakar ba har aka yi masa canji, kuma bai taɓa yi mini faɗa ba, abin da ya fi duka ciwo.

Na girma, na yi aikin jinya shekaru a ƙauyukan Kelle da Bune, na sha ganin uwa na ɗura wa ɗanta mara lafiya abin da ta fi so a duniya, abin kuma yana ƙara kwantar da shi. Ban taɓa iya yi wa irinsu tsawa ba. In aka tambaye ni ko tatsuniyar Kaka gaskiya ta koya mini ko kuskure, har gobe ban san amsar ba, don ba rowa ce ta kashe 'ya'yan laka ba.

Abin da na sani shi ne, da sanyi ya zagayo Kaka ta sake ba mu tatsuniyar nan. Komai yana nan yadda yake, sai wuri ɗaya. Da tsohon ya shiga gidan mai ludayi, kafin ta karkata tulu sai ta tsaya ta ce, "Baƙo, wane irin ruwa ake sha a garinku?" Na ɗaga kai na dubi Kaka, ita kuwa ta ci gaba da tura kaba cikin wuta. Ƙannena haka suka taso suka ji ta, haka suke ba 'ya'yansu, suna rantsuwa cewa tun asali da tambayar take. Na daina yi musu gardama. Ni kaɗai na rage wanda ya san ranar da aka ƙara ta.