Zanar Da Ta Bar Ƙafa A Waje

Da asubar ranar zaɓe, shekara huɗu da samun mulkin kai, Jumare yana fadama yana ba albasarsa ruwa da ƙwarya, don ya san in ya shiga layi ba zai fito da wuri ba. Fadamar ba tasa ba ce, aron dagaci ce, kuma ita ke riƙe da gidansa duk rani. Sana'arsa ta gado kuwa saƙar zana. A Kurmin Kogi, in ka ga shingen da ko kaza ba ta leƙawa, aikin Jumare ne. Ba mai surutu ba ne. Abin da yake gaya wa masu saye ɗaya ne: zanar da ta bar ƙafa a waje ba zana ba ce.

Shi ya sa aka ba shi aikin rumfar zaɓe. Wakilin dagaci ya ce a yi ta da faɗi sosai, akwati ɗaya a kusurwar dama, ɗaya a ta hagu, mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa ƙuri'arsa. Kowa ya san akwatin dama na jam'iyyar manya ne, su dagaci, Jumare kuwa hagu ransa yake so. Ya zaɓi doguwar gamba, ya yi saƙa mai kauri, ya kafa ta har ƙasa, ya tafi gida yana jin ya yi aiki.

Da hantsi ya iso ya tarar an ɗaga zanar an ɗaure ta sama, duk wanda ya shiga ana ganinsa daga tafin ƙafa har ƙauri. Ga kuma Mamuda maharbi, taubashinsa, zaune a ƙasa kan buzu daidai bakin rumfar, bindiga a kan cinya.

"Wa ya taɓa mini zana?" in ji Jumare.

"Gara, taubashi. An ce kada ta ci kayan hukuma."

"Gara a wuni ɗaya?"

"Ta bana sauri gare ta."

"Ita wannan bindigar fa? Gada ce za ta zo zaɓe?"

Mamuda ya shafa bindigar yana dariya. "Tsaro aka sa ni. Ni da nake bin sawun gada a kan dutse, ai ka san ƙafar mutanen garin nan ba za ta gagare ni ba. Balle taka, mai yatsa huɗu."

Jumare ya kai hannu zai kwance igiyar. Sai ya ji ƙas, Mamuda ya ɗana kunamar bindiga. Bai nuna kowa da ita ba. Malamin zaɓe ya sunkuyar da kai. A bayan layi wani ya ce ya bar akuya a sake, ya juya, wasu suka bi shi. Dattawan da jiya suke cika baki a dandali suka shiga gyaran rawani. Jumare ya saki igiyar.

Da aka zo kansa ya shiga, ya tsaya gaban akwatin dama don ƙafafunsa su ba da shaida, sannan ya miƙa hannu wajen na hagu. Ya miƙa har kafaɗarsa ta yi ƙara. Bai kai ko rabi ba. A nan ya gane abin da ya sa aka ce a yi rumfar da faɗi, kuma shi da kansa ya auna ta. Taku biyu ne zuwa hagu, amma ya san in ya taka, kafin albasar ta nuna, fadamar ta koma hannun wani. Ya tuna maganar matarsa Sabuwa da safe: "Malam, albasa dai ba ta san jam'iyya ba." Ya jefa a dama.

"Ƙafarka ta fi ka hankali, taubashi," in ji Mamuda da ya fito.

Tun suna yara ba a taɓa yi wa Jumare wasan taubasantaka bai rama ba. A ranar nan kuwa, wucewa ya yi.

Fadama ta tsira, amma bai ƙara karɓar aikin zana ba, wanda ya zo sai ya ce idonsa ya yi rauni. Ni maƙwabcinsa ne a fadama. Ganina da shi na ƙarshe, kafin in tafi cin rani Zariya, ya jawo zanannakin rumfar zuwa fadama ya cinna musu wuta, yana tsaye har suka cinye. Da tokar ta huce ya kwashe ta da ƙwarya, yana bi yana watsa wa albasa.